Tsakuwar da Ke Son Sanyi

Kafanchan, ranar Lahadi

Yaya Musbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya horon soja, ya zafin Zariya? Azariya direba ya ce ya hango ka a bakin get ɗin sansaninku, wai an aske maka kai tas har kunnuwanka sun fito. Na shiga ɗaki na yi ta dariya ni kaɗai. Tun da aka karɓe muku wayoyi gidan ya yi shiru. Amma ka san ni, takarda ta fi mini sauƙi. Ko wayar ce, "lafiya lau" zan ce in tsaya ina wasa da bakin hijabi.

Mu nan lafiya, sai Inna. Ciwon nan na ƙasan haƙarƙarinta na dama ya dawo, yanzu har kafaɗa yake hawa. Ranar da ta ci ƙosai sai da ta durƙusa a bakin murhu tana riƙe da bango, gumi yana zuba. Kawu Badruddeen ya kai mu babban asibiti aka yi mata hoton ciki. Likita ya ce tsakuwa ce a maɗaciyarta, kuma ba ɗaya ba ce. Ya ce sai an cire jakar gaba ɗaya, wai mutum yana rayuwa lafiya ba ita. Ya sa mana rana ƙarshen wata. Kafin nan ya hana ta mai, da suya, da man shanu. Ina dafa mata zogale ba ƙuli-ƙuli, ina jiƙa mata citta da kurkum kamar yadda matan unguwa suka ce. Yana ɗan kwantar mata da tashin zuciya, shi ke nan.

Wanda ya yi hoton yana da tabarau, muryarsa a hankali, irin waɗanda ake rubutawa a littafi. Ya ce mini, "Ƙanwata, riƙe mata hannu." Ban iya ɗaga kai ba har muka fito. Kar ka gaya wa kowa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kawu ya ce a yi aikin. Inna ta juya fuska bango ta ce, "Sai abin da wancan ya ce." Kai ke nan. Ka san ba za ta kama sunanka ba, ba kuma za ta gaya wa ɗan fari inda ke mata ciwo ba, ko da wayar na hannunka. Tun rasuwar Baba maganarka take jira, ta bayan fage. Don Allah ka amsa ta hannun Azariya idan ya dawo sauke citta.

Ƙanwarka,
Raliya

*

Zariya

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai gudu da rana. Kunnuwana suna nan inda kika bar su. Ki gaida Inna, ki gaida Kawu.

Maganata ɗaya ce: ba za a sa wa Inna wuƙa ba. Ke kina ƙarama lokacin da aka tura Baba ɗakin tiyata, ni ne na tsaya a ƙofar, ni aka miƙa wa hularsa. Ba zan sake tsayawa a irin wannan ƙofar ba.

Akwai wani abokina a nan, Meshak, ɗan Kwoi. Gwaggonsa ta yi irin wannan ciwon, ba a taɓa ta da ko allura ba. Ya rubuta mini yadda aka yi mata. Na roƙi mai kawo mana burodi ya sayo man zaitun mai kyau, ga shi nan a hannun Azariya. Ta wuni ba ta ci komai ba sai ruwa. Da yamma ki haɗa rabin kofi na man da rabin kofi na ruwan lemun tsami, ki kaɗa sosai, ta shanye a tsaye, ta kwanta ta gefen dama. Da safe ki ba ta fo, kar ta shiga masai. Za ki ga tsakuwar da idonki.

Ki ce mata ni na aiko. Ki faɗa mata haka, da bakinki.

Mai tabarau kuma zan zo in same shi da takalmin soja. Ki rage karatun littattafan nan, suna juya miki kai.

Yayanki,
Musbahu

*

Kafanchan, ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Sun fito! Mun yi yadda ka ce. Shan sa ya yi mata wuya, sau biyu yana taso mata tana danne shi, da na ce ko a bari sai ta harare ni ta ƙarasa. Ta sha murɗar ciki, ban ɓoye maka ba. Da safe na duba fo, sai ga su suna yawo a saman ruwa, koraye, wasu kamar wake, wasu kamar gurjiya. Na tace su, na wanke, na zuba a kwalbar zuma da ta ƙare. Kyau gare su, Yaya. Idan haske ya ratsa kwalbar sai ka ce duwatsun sarƙar amarya.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Mata suna ta shigowa barka, kowa sai ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta girgiza. Anti Afiniki mai kunun aya ta leƙo ta katanga ta ce da irin Hausarta, "Kai, duka wannan a cikin mutum ɗaya? Maman Raliya, ashe kai ne kwari na fasa dutse!" Inna ta yi dariya har tana riƙe ciki.

Ga wanda zan so ka karanta a zaune. Goggo Rabi'a ta tambayi wa ya kawo maganin. Inna ta gyara ɗankwali, sannan ta ce a gaban kowa, "Yaron nan ne, daga can inda yake. Allah ya yi masa albarka." Ban taɓa jin ta yi maganarka a cikin mutane ba. Goggo ta ce, "Yau kuma kunyar ɗan fari ta tafi hutu?" Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni sai na ji hawaye, na gudu kicin.

Kawu ya je asibiti ya ce musu a ba wani ranar aikin. Sun ce ya dawo da ita a sake hoto, Inna ta ce hoton me, ga su nan a kwalba. Kawu ya ce idan ta ƙara ƙarfi za a yi sadakar godiya.

Abu ɗaya, na matsa wata da yatsa sai ta lotse. Ko haka tsakuwar ciki take? Ka tambayar mini Meshak.

Raliya

*

Zariya

Auta,

Alhamdu lillahi! Na karanta takardarki a bayan ɗakin kwana, na sake karantawa, sai da Meshak ya zo ya same ni yana cewa, "Soja, wa ya mutu?" Na ce ba kowa.

Kin san a hannun Kaka na tashi. Idan na zo gida hutu Inna ta ajiye mini tuwo ta wuce, ko kallo. Na san al'ada ce, amma yaro bai san al'ada ba. Ki sake rubuto mini kalmomin da ta faɗa, daidai yadda ta faɗe su.

Meshak ya ce laushin ba komai, man ne ya jiƙa su. Ki adana kwalbar, ina so in gani da idona ranar da muka fita. Za a kai mu daji atisaye, ba takarda ba saƙo sai mun dawo. Kar ki ji shiru ki damu.

Musbahu

*

Kafanchan, ranar Talata

Yaya Musbahu,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka kafin ku tafi dajin ba. Ina fata kana lafiya. Ni lafiya. Inna ba lafiya.

Ciwon ya dawo, ya fi na da. Ba ta faɗa, amma ni ke wanke mata kaya, ni ke zubar da amai. Idan ya taso mata sai ta ce in kunna rediyo, don kar a ji nishinta a waje. Ta rame kamar fitilar da manta ya ƙare. Fitsarinta ya koma kamar shayi ba madara. Farin idonta ya ɗauki launin kurkum.

Sai maganar kwalba. Na bar ta a taga ranar da aka yi zafin nan. Da na dawo daga islamiyya sai na ga tsakuwar sun manne da juna kamar sabulun da ya kwana a ruwa, ga mai kore ya kwanta a gindi. Na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo. Na ɗauka za ta ce a kira Kawu. Sai ta ɗauko cokali ta kwashe man, ta naɗe kwalbar a baƙar leda ta ce, "Kai wa Afiniki ta sa miki a firjin kunu. Idan baƙi sun zo ki karɓo."

Ka gane? Ta sani, Yaya. Ta riga ni sani.

Kullum yanzu aikina ke nan, in kai, in karɓo. Jiya Anti Afiniki ta riƙe hannuna ta ce, "Raliya, ni ban yi makaranta na likita ba, amma wane irin dutse ne yana jin zafi? Ka gaya wa mamanka ya koma asibiti, ido nashi bai yi mini ba."

Na gwada Kawu. Na tsaya a ƙofar shagonsa har ya gama awon citta, na ce, "Kawu, Inna fa..." Da ƙyar na ce ba ta warke ba. Ya biyo ni gida. Inna ta ji sallamarsa ta tashi zaune, ta ja labule ɗakin ya yi duhu, ta ce masa garau take, zazzaɓin bazara ne. Ya fito ya ce mini, "Mai ciwo ta ce ta warke, ke ce likita?"

Ba za ta taɓa cewa maganinka bai yi ba. Ta sa maka albarka a gaban mata, ba za ta janye ba ko da zai kashe ta. Kai kaɗai za ka ce a koma asibiti ta koma. Layi ɗaya ya isa. Ina roƙonka.

Raliya

*

Kafanchan, ranar Asabar

Yaya,

Azariya ya dawo hannu Rabbana, ya ce ya bar takardar a get, ba ku dawo ba. Ga wata. Inna ta fara ƙaiƙayin jiki, tana susa har jini. Kawu ya sa sadakar godiya Juma'a ta sama. Ban da abin da zan ƙara.

Raliya

*

Zariya

Auta,

Mun dawo jiya, ƙafafuna duk sun fashe, amma lafiya. Na tarar da takardunki biyu. Ki gaida Inna.

Raliya, ki ji tsoron Allah. "Fitilar da manta ya ƙare." Wannan daga wane littafin kika kwaso? Ke tun kina firamare idan kaza ta yi tari sai kin haƙa mata kabari. Kin ce idonta ya yi launin kurkum. To ba ke ce kike ɗura mata kurkum safe da yamma ba? Ki daina ba ta, ki ga in bai washe ba.

Inna ba yarinya ba ce. Ta ce wa Kawu ta warke. Kina so in aiko in ƙaryata uwata a kan jikinta? Firji kuma, ai duk abin da ya fito daga cikin mutum yana lalacewa a zafi, dabara ta yi.

Meshak ya ce wani lokaci ba sa fita duka a karo ɗaya, ragowar ce ke motsi. Ga wata kwalbar man nan. Bayan sadaka ku sake yi. Ki dafa mata na'ana'a don cikin.

Ki kwantar da hankalinki. Saura kaɗan in fito.

Musbahu

*

Kaduna, barandar asibiti

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban da ƙarfin doguwar gaisuwa. Muna Kaduna. Gara ka ji daga gare ni kafin Azariya ya ƙara gishiri.

Takardarka ta zo ranar Alhamis da man. Inna ta sa na karanta mata, ta ce a ajiye man a ƙarƙashin gado sai Asabar. Da ƙyar take zama a lokacin.

Ranar Juma'a aka yi waina, mata suka cika tsakar gida, maza suna zaure da Kawu. Inna ta sa kwalli mai yawa, ta zauna can ƙuryar ɗaki inda ba haske, ana shiga ana gaishe ta. Bayan an sauko masallaci Goggo Rabi'a ta ce a kawo kwalba baƙi su gani. Inna ta ce, "Raliya, je ki karɓo."

Na karɓo. Na tsaya a bakin tsakar gida da ita a hannu, sanyinta yana cizon tafina. Na shirya magana tun daga gidan Anti Afiniki, irin wadda 'yan matan littafi ke yi, su miƙe a gaban taro kowa ya yi tsit. Da na ga fuskoki sai duk ta gudu. Ba abin da ya rage a bakina.

Sai na kife turmi a tsakiyar gida inda rana ta fi duka, na cire ledar, na ɗora kwalbar a kai, na tsaya a gefe.

Goggo ta ce, "Ke Raliya, kawo mana nan mana."

Ban motsa ba.

"Yarinyar nan lafiya? Ko aljanun littafi ne?"

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, rana tana dukan ƙeyata. Wata ta taso za ta ɗauka, na riƙe kwalbar da hannu biyu a kan turmin. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Hayaniya ta sa Kawu ya shigo. Ya buɗe baki zai yi mini faɗa, sai idonsa ya sauka a kan kwalbar. Suna narkewa, Yaya, a gaban kowa, ɗaya tana shiga cikin ɗaya. Dariyar ta mutu. Goggo ta buɗe murfin ta shinshina ta ce a hankali, "Wannan ai mai ne."

Kawu ya juya. Ya shiga ɗakin Inna ya yaye labulen gaba ɗaya, ya ce mata, "Yaya, dubo ni." Da ya ga idonta sai ya yi salati ya ce a kira mota.

Da ake fito da ita ta bi ta gabana, a jingine da Goggo. Ta ce, "Kin kyauta." Shi ke nan abin da ta ce mini har yau.

A asibitin gida suka ce wata tsakuwa ta sauka ta toshe hanyar maɗaciya, sai Kaduna. A Kasuwan Magani zazzaɓi ya rufe ta tana rawar sanyi, kafin Mararaban Rido ta daina gane mu. Yanzu suna ba ta ruwa da allurai, sun ce sai zazzaɓin ya sauka za su shiga da ita. Kawu ya sa hannu. Ba a jira maganarka ba, ka yi haƙuri.

Raliya

*

Zariya

Raliya,

Na nemi izini an hana ni, sun ce wanda ya fita yanzu ya fita ke nan. Ina nan kamar ɗaure.

Azariya ya ce a tasha har ana ba da labari, wai soja ya aiko wa uwarsa miya a kwalba. Ba ki da wata hanya sai wannan? A gaban matan unguwa duka? Abu ɗaya tak na taɓa yi mata da ta ɗaga kai da ni a cikin mutane, shi kika shanya a rana. Ita ma kin tona ta. Ta yaya za ta sake zama a gidan biki?

Na yaga abin da na rubuta a ƙasan nan sau biyu. Ban yi wa Meshak magana ba tun da na ji. Ba na iya cin abinci.

Ki gaya mini gaskiya, ba irin ta littafi ba. Tana da rai? Kuma ni ne na jawo?

Musbahu

*

Kaduna, ranar Laraba

Yaya Musbahu,

Wa alaikumus salam, ko da yake ba ka yi sallama ba. Ina lafiya.

Tana da rai. An yi aikin. Ya fi wanda aka so yi mata tun farko girma, sun daɗe a ciki, akwai roba a gefen cikinta da za ta zauna na wani lokaci. Ni na tsaya a ƙofar. An cire jakar. Likita ya nuna mana na gaskiyar a ɗan faranti, baƙi-baƙi, masu tauri, suna ƙara idan sun taɓa ƙarfe. Ba su da kyau ko kaɗan. Ya ce waɗancan korayen man ne da lemun suka dunƙule a hanji, kowa ya sha zai fitar da su, ko ni.

Na tambaye shi abin da ka tambaye ni. Ban san inda na samo bakin ba. Ya ce mai da yawa haka yana sa jakar ta matse, yana iya tura tsakuwa cikin hanya, amma ba zai rantse cewa shi ne ba. Jinkirin kuwa, ya ce wannan zai rantse.

Ka ce ba ni da wata hanya? Na rubuto maka sau biyu. Ka karanta ka ga littafi.

Inna ta farfaɗo sosai, ta fara shan kunu. Daga hannun Goggo take sha. Idan na miƙa mata ruwa sai ta lumshe ido kamar barci. Ta ce wa Kawu idan an sallame mu in wuce gidan Goggo in zauna, wai gidan ya yi mata ƙanƙanta. Ni na wanke amanta tun farkon bazara. Ko sannu.

Ɗazu ta kira ni, karo na farko. Na shiga da sauri har na yi tuntuɓe da bokiti, na ɗauka ko za ta ce wani abu. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗauko biro. Rubuta wa wancan." Ga saƙonta, ban canza ko kalma ba:

"A gaya masa man da ya aiko shi ya tausasa tsakuwar, shi ya sa aikin ya zo da sauƙi. Kar ya sa komai a ransa. Ya ci abinci. Allah ya yi masa albarka."

Ta sa na karanta mata don ta tabbatar na rubuta, na karanta.

To ga amsa biyu a takarda ɗaya, tata da tawa. Ka riƙe wadda kake so. Na san wadda za ka riƙe.

Ƙanwarka,
Raliya